Ciwon da Bai Saki Ba

Ranar Talata ce, a makon da ya biyo bayan bikin cocinmu na Budurwa ta Karmen. An kwana ana yayyafi, gari ya waye babu rana, gajimare ya sauko har yana taɓa kan itatuwan mangle, masu tsirowa a lakar bakin teku. Tun da asuba ruwan teku ya ciko rafinmu, ya shiga ƙarƙashin gidaje yana lasar dirkoki, kuma kowa a ƙauyenmu Bajo Garza ya san ba zai daɗe ba zai juya. Mu da ruwa muke tsara komai. In ya ciko, jirgi ya fita. In ya janye, rafin ya koma laka zalla, wani wurin iya gwiwa, wani wurin iya ƙugu, sai mutum ya zauna ya jira shi har yamma.

Matata Odalis tana wata na takwas, cikin fari. Na farka na same ta a tsaye, ta dafa bangon katako da hannu ɗaya, ɗayan kuma a ƙasan cibiyarta.

"Ciwon ya dawo?" na ce.

"Koma ka kwanta, Arbey."

"Tambayar ki na yi."

"Na kullum ne. Don Allah kada ka soma."

Tana da dalilin faɗin haka. Ni mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Makaranta ma ban yi nisa ba na bari, benci yana cizo na. Na yi dako a tashar jiragen Buenaventura, na yi leburanci a birnin Cali, na bi jirgin katako, ko'ina ba na daɗewa ƙafata ke soma ƙaiƙayi. Saboda Odalis na dawo gida na ɗauki taru. To da cikinta ya shiga wata bakwai, wata safiya ya ƙulle ya yi tauri kamar kwakwa, ta ɗan cije leɓe. Ban tsaya jin komai ba na sheƙa gidan Kawu Nilo. Shi kaɗai ke da jirgi mai inji a ƙauyen, kuma da shi yake kai mata kurmin mangle su tono piyangwa, kumbar nan da ke ɓoye a laka tsakanin saiwoyi, wadda da ita yawancin gidajenmu ke ɗora tukunya. Na tayar masa da hankali har ya bar matan tsaye a gaɓa da bokitansu, ya kai mu gari.

Kafin mu isa asibiti ciwon ya ɓace. Nas ɗin da ta duba ta, wata doguwa mai tabarau, ba ta yi mana faɗa ba. Ta zaunar da mu ta ce, "Mahaifa ce ke gwaji, kamar yadda makaɗin marimba ke ɗan taɓa sandunansa kafin rawa ta fara. Na gwaji ba shi da tsari. Ya zo ya tafi yadda ya ga dama, in kin sha ruwa kin kwanta ta gefen hagu sai ya lafa. Na gaske kuwa kamar igiyar ruwa yake. Ya taso daga baya ya zagayo gaba, ya sake ki, ya dawo, kowane ya fi na baya ƙarfi, kuma suna ƙara matsowa kusa da juna. In kin ga wannan, ko faya ta fashe, ko kin ga jini, ki taho."

Muka dawo da ruwan yamma, Odalis na cin soyayyar ayaba a cikin jirgi. Matan ƙauye sun yi asarar tonon ranar, man da aka ƙona kuma na ƙungiyarsu ne. Ba wadda ta ce a biya ta. Da baki suka rama. Maƙwabciyarmu Chela, wadda harshenta ya fi wuƙar fawa, ita ta raɗa mini suna Motar Asibiti, ya bi ni har wurin kamun kifi. In Odalis ta yi atishawa a bakin tankin ruwa sai wata ta ce, "A kira Nilo, ga shi nan tafe." Ni ina dariya abina. Odalis ba ta dariya. Ita tun tana yarinya take shiga laka tare da su, ba a taɓa cewa ta gaza ba, kuma ta fi son a mare ta da a ce mata raguwa.

Duk da haka a safiyar nan na sa riga na fita kiran Gwaggo Eloísa. Ƙanwar kakar Odalis ce, ita ce ungozomar ƙauyen, rabin masu yawo a kan gadojin katakonmu a hannunta suka faɗo. Na same ta tana hura wuta.

"Kai kuma? Yau me ya kama?"

"Gwaggo, zo dai ki gani."

Ta zo. Ta wanke hannu, ta ɗumama shi a hammatarta, ta ɗora a kan cikin.

"Ya yi tauri kam. Tun yaushe, 'yar nan?"

"Tun da zakara ya yi cara."

"Daga baya yake tasowa?"

"A'a. Nan gaba ne."

"Yana zuwa yana tafiya?"

"Ba ya zuwa ba ya tafiya, Gwaggo. Ya riƙe ne kawai."

"Ruwa? Jini?"

"Ba komai."

Gwaggo ta juyo ta dube ni. "Ka ji ko? Naƙuda tana da numfashi. Ta matse, ta huta, ta matse. Wadda ba ta hutawa ba naƙuda ba ce. Sanyi ne. Na hana yarinyar nan shiga laka tun ciki na wata biyar, ta ƙi ji sai da ya yi mata nauyi. Ga shi sanyin ya taru ya zauna mata a mara."

Abin da nas ta faɗa da abin da Gwaggo ta faɗa sai suka zo ɗaya, hankalina ya ɗan kwanta.

Ta sa na dafa ruwa da kirfa da citta da gutsuren mazarƙwaila. Haka ake gwadawa a wurinmu. In sanyi ne, zafin ya kore shi, ciki ya saki. In naƙuda ce, zafin ya tashe ta, ta fara zuwa a jere yadda ba mai musu. Odalis ta sha tana hurawa. Gwaggo ta kwantar da ita ta gefen hagu, ta lulluɓe ta, ta ce za ta je ta yi shirin kurmi, in ta biyo za ta sake dubawa.

Ta ƙofa ina hango ruwa. Ya riga ya juya. Alamar da ya bari a jikin dirkokin gidan Chela ta fara fitowa, baƙa, a jiƙe. A gaɓa mata sun taru da dogayen takalman roba da bokitai, kowace da gwangwanin ɓawon kwakwa yana hayaƙi saboda ƙwarin kurmi. Kawu Nilo ya tayar da inji. Jirgin guda ne, ruwan ma guda ne: ko ya yi kurmi da su, ko ya yi gari da mu. In ya tafi kurmi, can zai kwanta a kan laka tare da su har ruwa ya dawo.

Gwaggo ta biyo a shirye. Ta ɗaure kai, ta sa safar roba har gwiwar hannu, ta shafe wuya da damatsa har da safar da man kwakwa haɗe da kananzir, yadda suke yi don kada ƙwari su cinye su. Warin ya riga ta isowa. Ba ta hau tsani ba, daga ƙasa ta tsaya. Odalis ta taso ta jingina da ƙofa.

"Ya sake ki?"

"Ya yi sauƙi."

"Ba sauƙi na tambaye ki ba."

Daga gaɓa Kawu Nilo ya ɗaga murya. "Eloísa, ruwan nan ba ɗan'uwana ba ne, ba zai jira ni ba."

Wata cikin matan ta ce, "Motar Asibiti, yau ma mu sauke bokitan ne?" Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin ta safiya ce kawai.

Odalis ta ji. Ta gyara tsayuwa ta saki ƙofar. "Ya saki, Gwaggo. Ku tafi."

Gwaggo ta dubi hannuwanta. Ba a taɓa cikin mai ciki da hannun kananzir, kuma kafin ta tuɓe safar ta wanke da sabulu ta ɗumama hannu, jirgin ya zauna a ƙasa. Ta ce, "Arbey, ɗora hannu ka gaya mini."

Na miƙa hannu, Odalis ta ture shi. "Jikina ne ko nasa? Na ce ya saki."

Gwaggo ta waiga ta dubi jirgin. Sannan ta ce, "Ki kwanta. Kada ki taɓa ruwan sanyi. Da mun dawo nan zan fara zuwa." Ta juya ta gangara. Na bi jirgin da ido har ya sha kwana, ƙasansa na gogar laka a wurin da rafin ya fi faɗi.

Ƙauyen ya yi tsit. Maza sun fita teku tun kafin gari ya waye, sai tsofaffi da yara. Na baza taru a kan baranda ina ɗinke inda ya yage. Ruwa ya ci gaba da zamewa har rafin ya zama 'yar siririyar hanya a tsakiyar laka, sannan ita ma ta tsinke ta zama kududdufai. Ƙaguwa suka fito daga ramukansu, balbelu suka sauko. Lokaci lokaci ina leƙawa ɗaki.

"Yaya?"

"Yana nan."

"Yana zuwa a jere?"

"Na ce maka ba ya zuwa."

Sai in koma in zauna, in ce a raina to ba naƙuda ba ce.

Wajen tsakar rana ta kira ni. Ba da ƙarfi ba, da wata murya da ban san ta da ita ba. Na shiga na tarar ta yaye mayafin. Leɓunanta sun yi fari kamar ta ci garin rogo, zufa ta jiƙa mata goshi, amma da na taɓa ta sanyi ƙalau.

"Arbey, bai motsa ba."

"Barci yake yi. Ai ke kika ce ragon yaro ne."

"Tun safe bai motsa ba. Na sha zaƙi, na buga masa, shiru."

Na ɗora hannu a kan cikin, wannan karon ba ta hana ni ba. Ba taurin kwakwa ba ne irin na da. Kamar gungumen itace ne aka sa mata a ƙarƙashin riga, ko'ina ɗaya, kuma da na ɗan danna sai ta kama wuyan hannuna ta matse. Da ta muskuta na ga jini a zanen gado. Kaɗan ne, bai kai tafin hannu ba, baƙi-baƙi.

Na fita baranda na ƙwala wa Chela kira. Ba ta bi mata ba a ranar, domin kifin laka mai dafi ya soke ta a dunduniya, ƙafar ta kumbura an naɗe ta da tsumma. Ta taho tana ɗingishi a kan gada tana mita.

"Wai kai ba ka gajiya? In ka sa na taka ƙafar nan a banza, na rantse sai na..."

Ta shiga ɗakin, maganar ta tsaya mata. Ta taɓa cikin, ta ja fatar idon Odalis ta duba, ta dubi zanen.

"Bakwai na haifa," ta ce a hankali. "Na san na gwaji, na san na gaske. Wannan ba ko ɗaya ba ne. Ɗauke ta."

"In kai ta ina? Ba ruwa."

"Ɗauke ta na ce."

Waya ba ta da amfani. A kurmi ba ta kamawa, ko ta kama jirgin Kawu Nilo yana kwance a kan laka. Jirgin asibiti ma ba zai iya shigowa rafin da ba ruwa ba. Abin da ya rage shi ne ƙaramin kwale-kwalena na mutum biyu da ke kife a ƙarƙashin gida. Na birkice shi, Chela ta shimfiɗa tabarma da bargo a ciki, na sungumo Odalis na sauko da ita tsani. Muka tura kwale-kwalen kan laka.

Daga gidanmu zuwa babban kogi, in da ruwa, kafin ka gama shan kofi ka isa. A laka wani abu ne daban. Na ɗaura igiya a ƙirji ina ja ta gaba, Chela na turawa ta baya. Kowane taku sai ƙafa ta nutse, sai ka murɗa ta ka zaro, lakar ta sake ta da ƙara kamar tana tsaki. Takalmina ɗaya ya tafi tun a farko. Ɓawon kawa da ke binne yana yanka ni ina ji, amma kamar a jikin wani. Ƙwari suka rufe mu tunda ba mu shafa komai ba. Inda muka samu ɗan kududdufi kwale-kwalen ya yi sulu ya ba mu numfashi, sannan ya sake kafewa.

Chela ba ta rufe baki ba ko sau ɗaya.

"Odalis, buɗe idon nan. Kalli mijinki ta baya, kamar jakin da aka ba aron wando. Wai me kika gani a jikinsa? Ga ɗan gidan Sinisterra yana da shago a gari, yana da haƙorin zinariya, kika tsallake shi kika ɗauko wannan."

"Bar shi," in ji Odalis, da ƙyar.

"Ba zan bar shi ba. Yi magana in ji. Wane suna za ku sa?"

Odalis ta lumshe ido.

"Ke nake tambaya, 'yar gidan Cuero. Kada ki yi mini barci, ban gama zagin ki ba."

"Chela, ƙishi."

"In mun isa za ki sha har da ƙanƙara. Arbey, ja mana, ko tuwon jiya ne a ƙafarka?"

Na waiga sau ɗaya. Tsumman ƙafarta ya daɗe da ɓacewa, hawaye na bin fuskarta yana wanke laka, amma bakin bai daina ba.

Da muka kai bakin kogi, kwale-kwalen ya hau ruwa ya yi sauƙi a hannuna kamar ganye. Ba zai ɗauki mutum uku ba. Chela ta miƙo mini filafili, ta tura mu da sauran ƙarfinta, ta tsaya nan cikin laka har cinya. Ban san yadda ta koma ba sai daga baya aka gaya mini da rarrafe ta yi rabin hanyar.

Na yi tuƙi ban san iyaka ba. Odalis ta daina amsa mini, sai numfashi sama-sama. Can sai ga wani jirgin dakon kwakwa ya fito daga wani rafi. Na miƙe tsaye ina kaɗa riga har na kusa kifar da mu. Mutanen ban san su ba, ba su kuma tambaye ni komai ba. Suka ɗaga ta suka kwantar a kan buhuna. Mai jirgin ya ce in an ɗaura kwale-kwalen a baya zai rage gudu. Na ce a bar shi. Ruwa ya ja shi ya yi ƙasa da shi wajen teku.

A asibiti nas ɗin nan mai tabarau ce a bakin aiki. Ta gane mu, har ta fara murmushi. Ta ɗora hannu a kan cikin, murmushin ya ɗauke. Ta juya da gudu tana kiran likita. Aka tura gadon ta wata ƙofa aka rufe. Wani ya zo ya ɗebi jinina, ya ɗebi na mai jirgin kwakwa da na yaransa biyu, waɗanda suka biyo mu ba wanda ya roƙe su. Na zauna a benci, laka na bushewa a jikina tana faɗuwa a kan siminti, wata mai shara na zagaye ni ba ta ce in ɗaga ƙafa ba.

Rana ta yi sanyi kafin likitar ta fito. Yarinya ce, ba ta fi ni shekaru ba sosai. Ta zauna kusa da ni a bencin.

"Matarka tana da rai," ta ce. "Jaririyar ba mu same ta da rai ba."

A nan na san mace ce.

Ta yi mini bayani da hannuwanta biyu, ta haɗa tafi da tafi sannan ta ɗan raba su. Mabiyiya ce ta ɓalle daga jikin mahaifa tun lokaci bai yi ba. Jinin bai samu hanyar fita ba sai ya taru a ciki, shi ya sa cikin ya ƙulle bai saki ba, shi ya sa kuma da safe ba a ga komai ba. Ta ce ba sanyi ba ne, ba laka ba ce, yakan faru har ga matan da ba su taɓa ɗaga bokiti ba. Bayan sun ciro jaririyar mahaifar ta ƙi tsuke bakinta, jini ya ƙi tsayawa, dole suka cire ta gaba ɗaya.

Na ce, "Da mun fito da ruwan safe fa?"

Ta dubi ƙafafuna. "Ban sani ba. Wataƙila. Wani lokaci ko a ƙofar nan abin ya faru ba ma cin masa. Ba zan ce maka e ba, ba zan ce maka a'a ba."

Nas ɗin ce ta kawo mini jaririyar a naɗe cikin farin zane. Cikakkiyar mutum, har da gashi da farce. Ta tsaya a gefena ta ce, "Na gwaji da na gaske na koya muku. Akwai na uku, wanda ba ya saki." Ta cire tabaraunta tana gogewa da gefen riga. Ni ban ga laifinta ba. Ta ce in an ga jini a zo, kuma da muka ga jini mun zo.

Washegari da hantsi Odalis ta farka sosai. Ta dubi ledar jinin da ke rataye, ta kai hannu cikinta, ta bar shi a nan.

"Mace ko namiji?"

"Mace."

"Ka gan ta?"

"Na gan ta. Goshinki ne."

Ta juya fuska wajen bango. Can ta ce, "Da na sha ruwan zafin nan ya yi sauƙi, Arbey. Da gaske ya yi sauƙi."

"Na sani."

"Ba ƙarya na yi wa Gwaggo ba."

"Na sani."

Sauran maganar, ta mahaifa, likita ce ta gaya mata. Ni na kasa.

Kawu Nilo ya zo da jirginsa ya ɗauke ni da ƙaramin farin akwatin gawa. Da muka shigo rafinmu sai ya rage gudu ya cire hularsa. A wurinmu jariri in ya mutu ba a yi masa makoki irin na manya. Mala'ika ne, bai taka ƙasa ba balle ya yi zunubi, da waƙa da ganga ake raka shi. Uwa ma ba a son ta yi kuka a kansa, wai hawayen yana jiƙa masa fiffike. Odalis tana gadon asibiti, saboda haka ba wanda aka hana kuka.

Kafin rana ta faɗi mata sun shimfiɗa farin zane a kan tebur a gidanmu, sun yanka furannin takarda, sun yi wa jaririyar ɗan kambi. Ranar ba wadda ta je kurmi. A al'ada ungozoma ko uwar baftisma, wadda ke tsaya wa yaro a coci, ce ke fara ɗaukar jaririn ta yi rawa da shi a tsakiyar da'ira kafin ya bi hannu hannu. Aka nemi Gwaggo Eloísa. Tana zaune a ƙasan tsani, inda ta tsaya jiya. Na sauka na same ta.

"Gwaggo, ke ake jira."

"Ba zan iya ba, ɗan nan."

"Ba wanda ya ce komai."

"Da sun ce ai da ya fi." Ta juya tafin hannuwanta a kan cinya. "Sabulu na nan a bakin tankinku. Ina ganin sa daga nan."

Na zauna kusa da ita a kan matakin ƙarshe. A sama Chela ce ta ɗauki jaririyar, da ƙafarta da ta kumbura har gwiwa, ta ja waƙar da muryarta mai kaushi, matan suka amsa. Muna jin dirin ƙafafunsu a katakon da ke kanmu.

Da safe muka binne ta a tudun yashi, inda ruwa ba ya kaiwa.

Odalis ta yi makonni a asibiti. Da aka sallame ta ta ce ba za ta koma rafin ba, ko don kwashe kaya. Muna Cali yanzu, a ɗaki ɗaya a gidan yayarta. Tana aiki a wani gidan abinci, ni ina bin motar kaya.

Abin da muka rasa ke nan. 'Ya ɗaya, wadda ba mu kai ga sa mata suna ba. Mahaifar Odalis, da duk waɗanda da za su biyo baya. Kwale-kwale ɗaya da filafilinsa. Yatsu biyu na ƙafar Chela, da suka ruɓe aka yanke. Gidanmu na Bajo Garza, wanda na ji an ce ruwa ya fara cin dirkokinsa. Sai ungozoma ɗaya, domin tun daga ranar Gwaggo Eloísa ba ta sake karɓar haihuwa ba.